Aljihun Rigar Malam

Mai ɗinkin bargon ƙyalle ba ta ɓuya. In kin gamu da ita a gidan suna ko gidan gaisuwa, kika durƙusa kika gaishe ta, bakinta zai amsa miki, amma idonta yana kan abin da kika ɗaura. Kafin a kai ga tambayar yara, yatsunta biyu sun riga sun kama bakin mayafinki suna murzawa. Ba lafiyarki take son sani ba. So take ta ji shekara nawa suka rage wa yadin kafin ya gaji ya faɗo hannunta. Na zauna da irin waɗannan mata a Gangara shekara goma sha ɗaya, kuma har yau in na tuna su sai tsaki ya kuɓuce mini.

Ni 'yar garin Isa ce, daga gidan malamai. Mahaifina, wanda kowa har mu 'ya'yansa muke kira Malam, a zauren gidanmu ya ƙare rayuwarsa yana karantar da Alƙur'ani. A gidanmu tsumma tsumma ne. A sauke tukunya da shi, a goge tire, in ya mutu a tura shi murhu, ba wanda zai zo yi mana gaisuwa. Da aure ya kai ni Gangara, gidan manoma masu rumbuna cike da gero da dawa, na ɗauka abin da zan koya bai wuce surfe da dakan fura mai yawa ba. Mijina ni na zaɓe shi, kuma ban yi nadama ba. Abin da bai gaya mini ba lokacin da yake zuwa zance shi ne uwarsa tana da buhu bakwai na ƙyallaye a ƙarƙashin gado.

Kwana biyu da tarewata, Inna, wato uwar mijina, ta shigo ganin ɗaki tare da ƙawayenta biyu, wata doguwa da wata gajera, waɗanda daga baya na gane ko tari ba ta yi sai da su. Ina zaune a ƙasa, kai a sunkuye, sanye da atamfar da ta fi kowace kyau a lefena. Doguwar ta kai hannu ta murza gefen zanen.

"Wanga yadi na da ƙarhi," ta ce. "Na Maraɗi na."

Gajerar ta matso da fuskarta har ina jin numfashinta a gwiwata, don idonta ba ya gani sosai. Ta ce jan ba zai zuba ba. Sai Inna ta yi mini maganarta ta farko tun da na shigo gidan.

"Ɗiyar Malam, in ya tsuhwa kak ki yas da shi. Ki aje mani."

Zanen da ban ko wanke sau ɗaya ba, ina cikinsa aka raba masa gado.

Aikin nasu ba wani abin a zo a gani ba ne. A yanka tsofaffin tufafi da guntayen tela kusurwa huɗu-huɗu, faɗin tafin hannu, a haɗa su da allura har su kai faɗin gado. Wannan ita ce fuska. A samu wani tsohon zane a yi baya da shi. Tsakaninsu a shimfiɗa tsummokaran da ba su da kyan gani, shi suke kira ciko, sannan a bi duka ukun da ɗinki layi-layi. Abin da zai fito yana da nauyin ɗan maraƙi. In aka lulluɓa maka shi da ɗari, ɗumi kam za ka ji, amma juyi sai ka nemi taimako. Kuma kada wani ya ce mini rashi ne ya sa su. 'Ya'yan Inna sun sha sayo mata barguna masu laushi daga Maraɗi. Suna nan jere a saman akwatinta, kowanne cikin ledarsa, ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba. Wai ba su da jiki.

Kullum bayan azahar suke haɗuwa a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, kowace da gwangwanin madara cike da allurai da reza da ƙulle-ƙullen zare. Ɗankwalin Inna a soke yake da allura ta kowane gefe, shi ya sa jikokinta suka koyi gaishe ta daga nesa. Doguwar tana da ɗan gurbi a haƙorinta na gaba inda zare ya ci, saboda da baki take yanka shi, ga almakashi ajiye a cinyarta. Komai suka gani sai sun auna shi da taƙi, har dardumar sallar baƙo. Duk inda suka zauna suka tashi sai an yi shara, kuma ko an share ba a gama ba, don ni da kaina na sha tsinto jan zare a miyar kuka. Kwallayen da aka yi don tuwo Inna ta cika su da ƙyallaye, ja daban, shuɗi daban, mai fure daban, mu kuma muna rufe tuwo da faifai ƙuda yana zagayawa.

Ranar kasuwar Sabon Birni su ukun su hau kabu-kabu su tafi, ba don cefane ba, sai don su bi rumfunan teloli suna leƙa ƙarƙashin keken ɗinki. Tsofaffi masu jikoki, matan gidan mutunci, a duƙe suna tsince-tsince a gaban samari. Masu babur da ke bin hanyar Burkusuma su tsallaka Nijar kuwa, kowa saƙon sukari ko taliya yake ba su. Inna saƙon tsumma take bayarwa, kuma in mutum ya dawo bai kawo ba, har gida za ta bi shi ta ji dalili.

Mutane ma da tufafinsu suke gane su. Wata rana ina tankaɗe a bakin madafa na ji doguwar ta ce:

"Kun ji wance ta rasu? Wagga ta bayan masallaci."

"Wace?" in ji Inna.

"Mai atamfag ga koriya mai zanen agogo."

"Allahu akbar! Ai ko zanen bai daɗe ba."

Suka sunkuyar da kai, na ɗauka addu'a suke yi. Sai gajerar ta tambayi ko matar ta bar 'ya'ya mata, ko kuwa kayan za su rasa mai ɗauka. Da kunnena na ji wannan.

In ɗayarsu ta gama bargo sai ta shimfiɗa shi a tabarma ta fara kushe shi da bakinta: nan ya karkace, can zare ya ƙare mini, wannan jan bai zauna ba. Tarko ne. Kika kuskura kika ce lallai ya ɗan karkace, kin yi maƙiyiya har kabari. Sauran biyun su yi ta ma sha Allah, hannunsu kuma yana juya bargon su ga bayansa, don a can ake ganin ƙulli da ha'inci. Mai bargon tana shiga ɗaki ɗauko ruwa, su kalli juna su taɓe baki. Haka suka yi shekara da shekaru, kuma suna kiran abin zumunci.

Babbar taƙamarsu ita ce ba su yar da komai. Abin da bai isa fuska ba ya tafi baya, wanda bai isa baya ba a jefa shi buhun ciko. Gajerar ce mai shimfiɗa ciko, tunda idonta bai kai ga ɗinkin fuska ba. Hannu kawai take zurawa a buhu, abin da ya fito ta baje shi. Duk wannan da dariya nake kallonsa, dariyar raini, don a lokacin abin bai taɓa komai nawa ba.

Ina da abu ɗaya a gidan nan da ba na wasa da shi. Malam ya rasu wata biyar kafin bikina. Da aka zo rabon kayansa yayyena maza suka ɗauki littattafai, ni kuma na roƙi rigar da yake karantarwa da ita. Farar riga ce ta yadi mai arha, wuyanta ya sule, kafaɗarta ta yi shara-shara. Malam yana da wata ɗabi'a da mahaifiyata ta yi faɗa a kanta har ta gaji: in ya gama rubuta wa ɗalibi allo, sai ya goge bakin alƙalami a bakin aljihun ƙirjinsa. Tawadarmu ta kunkunniya da ƙaro ce, ruwa yana taɓa ta take tafiya. Don haka duk Alhamis a wanke rigar ta yi fari, kafin Laraba ta zagayo aljihun ya sake yin baƙi. Ranar wata Talata da yamma ya tashi daga zaure ya ce kansa yana sarawa, ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Rigar ba ta kai Alhamis ba.

Tawadar da ke aljihun nan ta kwanakinsa huɗu na ƙarshe ce, Asabar zuwa Talata. Layi-layi ne, wasu a kan wasu, duk a ɗan karkace zuwa hagu yadda hannunsa yake tafiya. Ɗaya daga cikinsu nawa ne. Ranar Litinin ɗin ina bita, ya karɓi allona ya gyara mini wuri ɗaya, ya goge alƙalamin ina kallo, can sama kusa da ɗinki. Na san layin kamar yadda na san fuskarsa.

Ban taɓa wanke rigar ba. Na naɗe ta na sa a leda a ƙasan akwatina na katako. In kewarsa ta dame ni sai in tura ƙofa, in buɗe, in kalli aljihun, ba na ma taɓawa sosai don kada gumin hannuna ya goge wani abu. Mijina ya san da ita. Inna ma ta sani, don wata rana na baza ta a kan gado ta sha iska sai ga ta ta shigo. Na gaya mata ta wane ce. Ta murza hannun rigar, ta ce Allah ya jiƙan Malam, sannan ta ce yadin ya kusa. Tun ranar na sa wa akwatin kwaɗo.

Da cikina na fari ya kai wata bakwai aka mai da ni Isa goyon ciki, kamar yadda aka saba. Damina ce. Na so in tafi da rigar, sai na ji nauyin a ga ina cusa tsohuwar riga cikin kayan haihuwa, na bar ta. Makullin kuma na bar wa mijina, don takardunsa suna cikin akwatin. Na haifi ɗa namiji, aka sa masa sunan Malam, na yi wankan jegona na kwana arba'in. Kusan wata huɗu ba na gidan. A cikin wannan lokaci gara ta hau bangon ɗakina ta fara cin gindin akwatin. Mijina ya buɗe, ya kwashe kayan ya miƙa wa uwarsa ta shanya, ya saɓa fartanya ya tafi gona abinsa.

Ranar da na dawo mata sun cika tsakar gida, ana ta karɓar jariri hannu zuwa hannu. Bayan an gama gaishe-gaishe Inna ta shiga ɗakinta ta fito da wani abu a naɗe. Doguwar ta kama gefe ɗaya, gajerar ta kama ɗaya, suka warware. Ƙaramin bargo ne, daidai kwanciyar yaro. Gaskiya zan faɗa ko ba na so, ban taɓa ganin aikinsu mai kyan wannan ba. Fari da shuɗi ne, ɗaya bayan ɗaya, an zagaye gefen da jar atamfa, ɗinkin ƙanana kamar ƙwayar gero. Mata suka ɗauki guɗa. Ni kuma fararen nake kallo, don yadin yana da wani siririn layi a saƙarsa wanda sai an matso ake gani, kuma na san inda na san shi.

"Rigar Malam ta," Inna ta ce, bakinta har kunne. "Na ce tunda yaro ya ɗauki suna nai, to shi kwana cikin albarka tai. Wata ukku muna bisa gare ta. Sau huɗu na wanke ta, har da bula, ta yi hwari tas."

Ina durƙushe a gabanta, ga mata cike da gida. A gidan da na fito mace ba ta ɗaga ido ta kalli uwar mijinta, balle ta yi mata musu, balle kuma a kan abin da aka yi wa ɗan fari, wanda ko sunansa ban isa in kira ba. Tambaya ɗaya kawai na yi.

"Inna, aljihun hwa?"

"Wane aljihu? Au, wanga baƙin wuri? Shi nih hwara hiddawa tun kahin ruwa shi taɓa ta, don kar shi ɓata sauran. Dauɗa ta zalla. Ba a samun ko ƙyalle guda ciki."

Doguwar ta ce da ba don gwanintar Inna ba rigar ba za ta ba da ƙyalle ashirin da huɗu ba, ita sha takwas ta ƙiyasta. Nan suka shiga gardama a kan yadda aka yanka hannun rigar, ko a tsaye ko a kwance. Na ce na gode, Allah ya saka da alheri. Aka ce ba a ji ba, amarya ta ɗaga murya. Na sake faɗa.

Na tsane su a ranar nan, tsana irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba. Mata uku sun yi wata uku a kan rigar. Sun auna ta kamu da taƙi, sun ɗaga ta a rana sun ga inda yadi yake da rai da inda ya mutu, sun yi shawara a kan kalar da za ta zauna kusa da ita. A cikinsu ba wadda ta tsaya ta tambayi kanta me zai sa mace ta kulle tsohuwar riga mai dauɗa da kwaɗo. Su dai yadi suka gani. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne don Allah suka yi, da zuciya ɗaya. Da mugunta ce, da na san wanda zan kai wa ƙara.

Na tambayi mijina, ya ce shi ya ɗauka zan ji daɗi. Ya ce riga ai tana nan, ta ma ƙara auki. Kwana uku ban yi masa magana ba, kuma ban tabbata ya lura ba, don lokacin girbi ne. Tambayar Inna inda ta kai aljihun ta fi ƙarfin bakina. Sai na bi juji bayan gida da sanda ina tono kamar mahaukaciya, na duba tsummokaran sauke tukunya ɗaya bayan ɗaya, na leƙa har akurkin kaji. Ban samu komai ba. Na ce a raina an ƙona shi, ko ruwan sama ya gama da shi. Na naɗe bargon na tura shi ƙasan akwati, inda rigar take a da.

Kullum da safe in na je gaishe ta sai Inna ta ce, "Ina bargon yaro?" In ce akwai zafi tukuna. Haka muka yi ta yi har ɗari ya shigo, yaron ya kama mura, hujjata ta ƙare. Wata safiya ta shigo da kanta, ta sa na buɗe akwati, ta ɗauko bargon ta naɗe jikanta a ciki har sai hancinsa kawai ake gani. Ya yi barci, ban ce bai yi ba. Ita kuma ta kira ƙawayenta su zo su ga yadda farin ya karɓe shi.

Kwana uku, yaro ya yi abin da yara suke yi, ya yi shi da yawa. Dokar Inna ita ce ba a jiƙa bargonta, sai dai a goge wurin da ɗan tsumma mai laima a shanya, wai ruwa yana sa ciko ya dunƙule. Na san dokar sarai. Saboda na san ta ne ma na cika baho da ruwa, na tsoma bargon gaba ɗaya, na zuba sabulu, na bar shi ya jiƙa har na gama ba yaro nono. Sannan na ɗora shi a kan dutsen wanki na dake shi da ƙarfin da ya fi na wanki. Ruwan ya fito da duhu, na ce shuɗin ne yake zuba, har na ji daɗi. Na matse na rataye shi a igiya, na shige ɗaki.

Bayan azahar suka zauna a gindin darbejiya kamar kullum. Daga ɗaki na ji muryar doguwar.

"Mi na na can ga bargon yaro?"

Na leƙo. A kusurwa ɗaya ta bargon, a kan fararen ƙyallaye biyu da rabin na uku, wani duhu ya taso daga ciki, toka-toka a gefe, baƙi a tsakiya. Ban san lokacin da na isa igiyar ba. Na san kalar. Na kai hancina, a ƙarƙashin sabulu na ji warin ƙaro da kunkunniya, warin zauren gidanmu da safe. Na lalubi wurin, na ji wani abu mai kauri a ciki, mai ɗinki a baki ɗaya. Aljihun ne. Duk watannin nan da nake tonon juji yana cikin akwatina, a bushe, ba abin da ya same shi.

Inna ta taso tana salati, ta juya kan gajerar.

"Ke kinka sa shi ga ciko!"

"Ni abin da nit taras ga buhu shi nis sa. Wa yaj jehwa shi buhu?"

"To ina za ni kai shi? In yas?"

Inna ta faɗi kalmar nan ta ƙarshe kamar an ce ta ci mushe. Doguwar ta ce ita tun farko ta ce a duba cikon nan. Gajerar ta ce ƙarya ne, ba ta ce ba. Ina tsaye da jiƙaƙƙen bargo a hannuna suna ta yi, ba wadda ta kalle ni. Damuwarsu ɗaya ce, aikin wata uku ya ɓaci, kuma garin nan kowa ya san hannun wa ya yi shi.

Inna ta buɗe gwangwaninta ta ɗauko reza. Ta ce abin ba wuya, za ta farke ƙyallaye ukun, ta zaro dauɗar, tana da sauran farar shadda da za ta mayar, kafin la'asar ba mai cewa an taɓa. Ta kai hannu ta kama kusurwar. Ni kuma na riƙe wuyan hannunta. A tsaye nake, ban durƙusa ba, kuma ina kallon cikin idonta.

"Inna, kak ki taɓa shi."

Gajerar ta tambayi doguwar abin da na ce.

"Ɗiyar Malam, ɓaci na," Inna ta ce a hankali. "Mutane za su ce ni niy yi wanga aiki."

"Su ce. Tawadar Malam ta, ta kwana huɗu nai na ƙarshe. Don ita nika aje rigar, ba don yadi ba. Ita ɗai tar rage mani."

Ta kalli duhun, ta kalle ni, ta sake kallon duhun. Na ga yatsunta biyu sun motsa za su murza, sai ta janye su.

"To don mi ba ki hwaɗi ba?" ta ce.

Na sake mata hannu. Ta mayar da rezar gwangwani ta shige ɗakinta, muka ji ƙarar leda. Ta fito da ɗaya daga cikin bargunan Maraɗi, mai laushi, wanda ya shekara nawa ba a buɗe ba, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ta ce a riƙa rufa yaro da wannan, wancan kada ruwa ya ƙara taɓa shi. Doguwar, wadda ba ta iya barin magana ta wuce ta, ta ce in za a ajiye to a riƙa naɗe wurin ciki, kada baƙo ya gani.

Ba su canza ba, kada a ɗauka sun canza. Washegari suna gindin darbejiya suna gardamar ko tawada tana cin zare. Har Inna ta rasu ba ta taɓa nuna wa baƙo bargon nan ba, ko da yake ya fi duk abin da ta ɗinka kyau. In aka tambaye ta sai ta ce ya ɓaci. Ranar gaisuwarta doguwar ta kama bakin mayafina tana murzawa, tana hawaye, ta raɗa mini cewa farar shaddar nan tana wurinta har yanzu, in na sake shawara.

Yanzu muna zaune a Isa, bargon yana ƙasan akwatina, kusurwar nan a sama. Ban farke shi ba, don na san abin da zan tarar. Na sha ɗaga shi a rana ina zura ido ko zan gane layin ranar Litinin, can sama kusa da ɗinki. Ba ya nan, duk layukan sun narke sun zama duhu ɗaya. Mata ukun nan da allurarsu da rezarsu da rashin tunaninsu ba su goge ko ɗaya ba. Ni na tsoma shi a baho, na bar shi ya jiƙa, na kuma dake shi a kan dutse.